Wa zai ci wa Benin ƙwallo bayan Mounié?

Garou na bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin. Tsallaken ruwa ƙasar Nijar ce, yankin Gaya. In aka miƙe gabas ta Madécali, kafin tafiya ta yi nisa an shiga ƙasar Illo ta jihar Kebbi. Kwatano kuwa tana kudu, nisan sama da kilomita 700. Matashin da ya tashi a irin wannan wuri yakan san 'yan wasan Super Eagles da na Mena ta Nijar kamar yadda ya san na ƙasarsa, kuma duk ranar da Benin ta kara da Najeriya, alƙalin wasa kan tashi wasa ne a fili kawai, gardama kuwa sai ta kwana a gidan kallo.

Tsakanin Yunin 2024 da Oktoban 2025 sau huɗu ƙasashen biyu suka haɗu. A karon farko, ranar 10 ga Yuni a Abijan, Raphael Onyedika ya fara ci wa Najeriya, Jodel Dossou ya farke, sannan Steve Mounié ya ƙara ta biyu ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Aka tashi 2-1, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Finidi George ya ajiye aikin horar da Super Eagles. A Satumba Najeriya ta rama da 3-0 a Uyo. A Nuwamba aka yi kunnen doki 1-1, kuma ɗan baya ne, Mohamed Tijani, ya ci wa Benin. Na huɗun shi ne mai ciwo. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Benin ta shiga filin Uyo tana saman rukuninta na neman zuwa kofin duniya da maki 17, bayan FIFA ta zaftare wa Afirka ta Kudu maki uku kan sa Teboho Mokoena wasan da bai cancanta ba. Nasara ɗaya ta rage ta je gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta. Victor Osimhen ya ci a minti na 3, ya ƙara biyu, Frank Onyeka ya rufe da ta huɗu. Benin ta koma gida ba ta ga ragar Najeriya ba.

Bayan wannan wasa an fi ɗora laifi a kan 'yan baya, tunda su aka zura wa huɗu. Amma wanda ya bi tarihin ƙungiyar a tsanake zai ga tsohon ciwon a gaba yake. Benin ta je gasar cin kofin Afirka sau biyar: 2004, 2008, 2010, 2019 da 2025. Wasa 18 ta buga a waɗannan gasanni, ƙwallo 9 ta ci, kuma ɗaya daga cikin taran ma ɗan wasan Mozambik ne ya ci gida a 2010. A wasannin neman zuwa kofin duniya na 2026 ta ci 12 a wasa 10, huɗu daga ciki a dare ɗaya a ragar Lesotho. In aka cire wannan daren, saura ƙwallo 8 a wasa 9.

Ko shekarar da 'yan Benin suka fi tunawa da daɗi, wato 2019 a Masar, haka abin yake. Ƙungiyar, a hannun Michel Dussuyer, ta kai zagayen 'yan takwas ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a cikin lokaci ba. Mickaël Poté ya ci biyu aka yi 2-2 da Ghana, sannan aka yi canjaras babu ci da Guinea-Bissau da Kamaru. Da Maroko, ɗan baya Moïse Adilehou ya ci, Youssef En-Nesyri ya farke, Hakim Ziyech ya ɓarar da fenareti a mintin ƙarshe, aka kori Khaled Adénon a ƙarin lokaci, sannan Benin ta fitar da Maroko da 4-1 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, inda Saturnin Allagbé ya zama gwarzo. Senegal ta tsayar da tafiyar da ƙwallo ɗaya ta Idrissa Gueye. Jarumtaka ce ta gaske, amma ta masu tsare gida.

A 2022 hukumar ƙwallon ƙasar, ƙarƙashin Mathurin de Chacus, ta ajiye tsohon laƙabin kurege ta ɗauki Guépards, sunan dabbar dawan nan mai tsananin gudu, don a nuna an daina ɓuya an koma farauta. Gasar Afirka ta 2025 a Maroko ta zo ta gwada wannan buri. Kwango ta doke Benin 1-0. Ranar 27 ga Disamban 2025 a Rabat, Benin ta samu nasararta ta farko a tarihin gasar, a wasanta na 16, da 1-0 a kan Botswana. Wa ya ci? Yohan Roche, ɗan baya, bayan ba-ni-in-ba-ka da Mounié. Senegal ta zuba mata uku. Sannan a Agadir, ranar 5 ga Janairun 2026, ta riƙe wa Masar wuya har ƙarin lokaci: Marwan Attia ya ci, Dossou ya farke saura 'yan mintoci a tashi, kafin Yasser Ibrahim da Mohamed Salah su raba gardama, 3-1. Wasa huɗu, ƙwallo biyu, ɗaya ta ɗan baya, ɗaya ta mai shekara 33.

Gernot Rohr, Bajamushen da ya karɓi ƙungiyar a Fabrairun 2023, ba baƙo ba ne ga mutanen bakin kogi. Shi ya jagoranci Mena ta Nijar a gasar Afirka ta 2013, ya riƙe Burkina Faso na ɗan lokaci, sannan ya shafe shekara biyar da Super Eagles daga 2016 zuwa 2021. Da ya zo Benin ya dubi abin da ke hannunsa ya yanka riga daidai wuya. Ƙungiyarsa kan koma baya ta toshe tsakiya, ta bar wa abokan karawa ƙwallo, in ta ƙwace sai ta ɗaga doguwa ta nemi kan Mounié, ko ta jira kwana da bugun tazara. Wannan salo ya ba ta nasarori huɗu da tazarar ƙwallo ɗaya tak a neman zuwa kofin duniya, ya kuma ba ta canjaras ɗin da ta je ta ƙwato a Libiya a Nuwamban 2024, wanda ya kai ta Maroko. Rohr ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai salon yana da sharaɗi mai tsauri: kada a riga ka ci. Ranar da aka ci Benin da wuri, kamar a Uyo, dole ta fito ta nemi ƙwallo, kuma a nan ne ake ganin ba ta da wata hanya ta biyu ta isa raga.

Duk wannan gini a kan mutum ɗaya ya jingina. An haifi Steve Mounié a Parakou a Satumban 1994, aka tafi da shi Faransa tun yana ƙarami, ya taso a makarantar horon Montpellier. A 2017 Huddersfield ta Ingila ta saye shi da kuɗin da ba ta taɓa kashewa kan ɗan wasa ba kafin nan, ya kuma ci biyu a wasansa na farko na Firimiya, a gidan Crystal Palace. Ya koma Faransa a 2020, yana cikin tawagar Brest da ta ƙare a mataki na uku a kakar 2023-24 ta samu gurbin gasar zakarun Turai, daga nan ya wuce Augsburg, sannan aro zuwa Alanyaspor ta Turkiyya. Tsayinsa mita 1.90 ne, kuma kaɗan ne a Afirka suka fi shi iya tashi sama. Ƙwallayensa na ƙasa sun haura 20, abin da Stéphane Sessègnon da Razak Omotoyossi kaɗai suka yi kafinsa. Amma aikin da yake yi wa Benin ya fi abin da ake rubutawa a allon ci. Shi ke tare doguwar ƙwallo ya riƙe ta da ƙirji har 'yan tsakiya su iso, shi ke jawo keta a rabin filin abokan karawa don 'yan baya su huta, kuma in ana bugun kwana a gidansu shi ne na farkon mai kawar da ita da ka. Ranar da ba ya fili, ƙwallon da aka ɗaga gaba takan dawo nan take.

Gasar Afirka ta gaba a tsakiyar 2027 za a yi ta, a Kenya da Tanzaniya da Uganda. A lokacin Mounié na da shekara 32, Dossou na da 35. Kofin duniya na 2030 a Maroko da Sifaniya da Portugal zai tarar da Mounié yana da 35, Dossou 38. Mai wasa da ka da ƙarfin jiki irin Mounié na iya daɗewa, don haka babu dalilin gaggauta sallamarsa kafin 2027. Dossou kuwa gudu ne jarinsa a gefen fili tun yana Austria da Clermont, kuma gudu ne abin da shekaru ke fara karɓewa.

Magada uku ne a fili. Na farko Tosin Aiyegun, haifaffen Legas a 1998, wanda ya bi ta Ventspils ta Latbiya, ya ci gasar lig ta Suwizalan da FC Zürich a 2022, ya koma Lorient. Shi ya ci ƙwallon da Benin ta doke Ruwanda da ita a Kigali ranar 10 ga Oktoban 2025, wadda ta sa aka je Uyo da rai. Yana da gudu, yana son a jefa masa ƙwallo a bayan 'yan baya ya bi ta. Na biyu Andréas Hountondji, haifaffen Faransa a 2002. Ya ci 14 a rukuni na biyu na Faransa da Rodez a kakar 2023-24, Burnley ta saye shi, bai samu gindin zama a can ba, aka ba da aronsa ga Standard Liège sannan St. Pauli, inda ya buɗe kakar Bundesliga ta 2025-26 da ƙwallo a ragar Borussia Dortmund. A cikin ukun shi ya fi kama da wanda zai gaji lamba tara. Na uku Junior Olaitan, shi ma na 2002, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya fito daga gasar cikin gida: daga Ayéma ta Porto-Novo ya tafi Niort a 2022, ya ratsa Troyes da Grenoble, ya isa Turkiyya. Shi ba mai tsayawa a akwati ba ne, ɗan wasa ne mai karɓar ƙwallo tsakanin layuka ya juya ya yanka.

A ganin wannan marubuci, babban kuskuren da za a iya yi shi ne a ɗauki ɗaya daga cikinsu a ce ya zama Mounié. Babu wanda zai iya. Dukkansu a ƙasa suke son ƙwallo, suna fuskantar raga, ba sun ba ta baya suna kokawa da ƙattin 'yan baya biyu ba. Ke nan sauyin da ke tafe ya wuce cire suna a sa wani. Dole salon ƙungiyar ya sauya tare da su, kuma wannan ya mayar da magana kan 'yan tsakiya. Tun da Sessègnon, mai ƙwallo 24 kuma tsohon ɗan Paris Saint-Germain da Sunderland, ya bar fage, Benin ba ta sake samun mai riƙe ƙwallo ya raba ta yadda ya ga dama ba. Dodo Dokou da Hassane Imourane matasa ne masu ƙwazo da huhu, Dokou ma shi ya ci Ruwanda a Yunin 2024, amma an fi amfani da su wajen tare hanya. In ba a sakar wa ɗayansu mara ba, ko a dawo da Olaitan tsakiya a gina wasa a kansa, Hountondji da Tosin za su yi ta gudu a gaba ƙwallo ba ta iso su ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan zurfi, ita ce daga ina masu ci wa Benin ƙwallo suke fitowa. Mounié Montpellier ce ta raine shi. Poté a Lyon aka haife shi. Hountondji ɗan makarantar Caen ne. Tosin ɗan Legas ne, haka ma Omotoyossi, wanda ya tsallako Benin bayan an dakatar da shi a gasar Najeriya, ya ci wa ƙasar ƙwallo a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, ya buga tare da Henrik Larsson a Helsingborg, ya tara 21 a babbar ƙungiya. Allah Ya yi masa rasuwa a Agustan 2025 yana da shekara 39. Babu aibi a kiran 'ya'yan ƙasa da ke waje. Cape Verde, mai mutane da ba su kai miliyan ɗaya ba, da irinsu ta samu gurbin kofin duniya na 2026. Amma mai dogaro da wannan hanya jira yake yi. Yaron da ya yi fice sosai a Faransa ko Legas yana da wata rigar da zai iya sawa, kuma ba kasafai yake fara duban Kwatano ba.

  

Misalan renon 'yan wasa a gida suna nan kusa. Makarantar St. Finbarr's ta Legas, ta gasar makarantun sakandare, ta fito da Stephen Keshi da Henry Nwosu. Génération Foot ta Senegal, da haɗin gwiwar Metz, ta fito da Sadio Mané da Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr. Ahmed Musa kuwa a gasar gida ya nuna kansa, ya ci wa Kano Pillars 18 a kakar 2009-10 kafin VVV-Venlo ta ɗauke shi. Abin da ya haɗa su duka shi ne yaro ya samu wasan gasa kowane mako, a gaban mai idon da zai iya ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Mai cin ƙwallo ya fi kowa buƙatar haka, domin natsuwa a gaban raga ba a koyon ta a atisaye kaɗai.

Benin ta fara aza tubali. A zamanin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, an shigo da azuzuwan wasanni a makarantu, an kuma gina filaye 22 a ƙananan hukumomi, kuma arewa ta samu rabonta: Malanville, Banikoara, Nikki, Bembèrèkè, Djougou, Kouandé da Tanguiéta duk suna ciki. A gasar makarantun Afirka ta farko da CAF ta kammala a Durban a 2023, makarantun Benin biyu ne suka wakilci shiyyarsu, CEG Sainte Rita a ɓangaren maza da CEG Cobly, daga can arewa maso yamma, a ɓangaren mata. Arewa na da ƙungiyoyi kuma. Buffles du Borgou ta Parakou ta ci kofin lig na ƙasa a 2014 da 2017 da 2019, kafin Coton FC ta Ouidah ta mamaye shi shekara uku a jere daga 2022. Akwai Bani Gansé a Banikoara, Béké a Bembèrèkè, Panthères a Djougou.

Amma yaron Garou ko Guéné ko Toumboutou da ke da ƙafar ci, hanyarsa doguwa ce. Daga makaranta sai filin Malanville, daga nan Kandi ko Banikoara, sannan Parakou, sannan kudu inda manyan ƙungiyoyi da dillalan 'yan wasa suka fi taruwa. A kowane zango akwai kuɗin mota da wurin kwana, akwai kuma uban da ke buƙatar hannunsa a gonar albasa ko fadamar shinkafa, kuma uban yana da gaskiyarsa. Shekarun nan sun ƙara wa tafiyar nauyi. Gadar Malanville zuwa Gaya ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kasuwar Malanville, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar, ta ji jiki, kuma 'yan kasuwa ne a ko'ina ke saya wa ƙungiyar unguwa riguna da ƙwallo. Hare-haren 'yan bindiga a kewayen gandun dajin W sun sa baƙo na tunani sau biyu kafin ya hau motar Alibori. Har babbar ƙungiyar ma ta yi nisa da jama'arta, domin CAF ba ta amince da filin Mathieu Kérékou na Kwatano ba, wasannin gida na neman zuwa kofin duniya a Abijan aka yi su, ciki har da nasarar da aka samu a kan Najeriya. Fili mai kyau a Malanville alheri ne, amma sai an zuba masa gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 mai jadawali tsayayye, da kocin da hukuma ke biya don ya zauna a jihar ya rubuta sunaye, kafin ya haifar da ɗan wasa.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Yaron da ke da shekara 13 a 2026 zai kai 17 ne a 2030, don haka duk abin da aka shuka a makarantun Alibori yanzu, sai bayan wannan kofin duniya za a girbe shi. Wanda zai taimaka wa Benin a 2030 ya riga ya kai shekara 17 zuwa 22, yana buga wa wata ƙungiya a Parakou ko Porto-Novo ko wani ƙaramin rukuni a Turai, kuma aikin masu horarwa shi ne su gano shi su fara ba shi mintoci tun Mounié na nan yana rufa masa baya.

Damar yin hakan tana da yawa fiye da da. CAF ta sanar a Disamban 2025 cewa bayan gasar 2027 za a sake wata a 2028, daga nan a koma yin ta duk shekara huɗu, a kuma fara gasar ƙasashen Afirka ta shekara-shekara daga 2029. Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye a kofin duniya na 2026, maimakon biyar na da. Ga ƙungiyar da ta ƙare da maki daidai da na Najeriya, bambancin ƙwallaye kawai ya raba su, zuwa gasar 2027 abu ne da ya kamata a sa rai da shi. Ƙarfin bayanta zai iya kai ta can. Abin da ya kamata mai kallo a Garou ya sa wa ido a wasannin share fage shi ne sau nawa Hountondji da Tosin da Olaitan za su fara wasa tare, ko ƙungiyar za ta iya farke ci ta kuma yi nasara ranar da Mounié ke benci, da kuma ko sunan wani ɗan gaba daga gasar cikin gida zai fito a jerin waɗanda aka kira kafin a tafi gabashin Afirka.